Seiffen, ƙauyen Jamus da ya bar haƙar kuza ya kama sassaƙa: tambayoyi da amsoshi

In aka ce Jamus, abin da ke fara zuwa a zuciya Berlin ne da Munich da manyan kamfanonin mota. Amma ƙasar tana da ƙananan hukumomi fiye da 10,000, kuma akasarinsu ƙauyuka ne da mutanensu ba su kai 5,000 ba. Seiffen ɗaya ne daga cikinsu. Ga amsoshin tambayoyin da ake yawan yi game da shi.

A ina yake, kuma yaya ake faɗin sunan?

Ana cewa “Zaifen”, don Jamusawa kan mayar da harafin s na farkon kalma ya koma z. Yana jihar Saksoni a gabashin ƙasar, cikin tsaunukan da ake kira Erzgebirge, wato duwatsun ma’adinai. Daga tsakiyar ƙauyen zuwa iyakar Jamhuriyar Cek ’yan kilomita kaɗan ne, mai ƙarfin ƙafa zai taka ya je ya dawo kafin la’asar. Birnin Dresden, fadar jihar, yana arewa maso gabas, tafiyar sa’a ɗaya da ’yan kai a mota. Faɗin ƙasar ƙauyen duka kimanin murabba’in kilomita 12 ne, kuma gidajen sun jeru ne a cikin kwari, mita 600 da wani abu sama da teku. Dutsen Schwartenberg da ke gefensa ya kusa mita 790.

Sunan yana da wata ma’ana?

Yana da ita, kuma duk tarihin wurin yana cikinta. Takarda mafi daɗewa da ta ambaci wurin ta shekarar 1324 ce, inda aka rubuta shi “Cynsifen”, ma’ana wurin wanke kuza. Mutanen farko ba rami suka fara tonawa ba. Yashi da tsakuwar rafi suke ɗiba, su rairaye su da ruwa, ƙasa mara nauyi ta bi ruwa ta tafi, baƙin garin kuza mai nauyi ya kwanta a ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin masu wankin kuza a kududdufan Jos ya ga wannan aikin da idonsa. Sai da abin da ke cikin rafi ya ja baya aka bi jijiyar kuzar cikin dutse.

Wa ya mallaki wurin a da?

Wani gidan sarauta mai suna Schönberg, wanda ke zaune a fadar Purschenstein, can kusa a garin Neuhausen. Su ke da ƙasa, su ke da daji, su ke karɓar kasonsu daga duk abin da aka haƙo. A shekarar 1600 suka kafa ofishin kula da ma’adinai a Seiffen ɗin kansa.

Yankin ya yi suna da ma’adinai tun kafin nan. An gano azurfa a Freiberg a 1168, sannan a Schneeberg da Annaberg a ƙarshen ƙarni na 15, kuma waɗannan garuruwa sun yi kuɗi har suka gina manyan majami’u na dutse. Seiffen bai samu wannan rabon ba. Kuza ba azurfa ba ce, kuma tasa ma ba ta da yawa. Ya zauna a matsayin ɗan ƙauyen leburori.

Bayan Yaƙin Shekara Talatin, wanda aka gwabza daga 1618 zuwa 1648, mabiya ɗarikar Furotesta da aka takura wa a Bohemiya, wato yammacin ƙasar Cek ta yau, suka riƙa tsallako iyaka suna neman mafaka. Aka ba su fili, suka kafa unguwanni irin su Heidelberg da Oberseiffenbach. Kada a rikita wannan Heidelberg da babban birnin jami’a na yammacin Jamus, suna ne kawai ya zo ɗaya. An haɗe unguwannin biyu da Seiffen a 1939.

Me ya kashe haƙar kuzar?

Ba rana ɗaya ta mutu ba, jinya ta yi mai tsawo. Ramuka suka yi zurfi, ruwa yana cika su, kuɗin fitar da shi ya fi abin da ake samu. Ga kuma kuzar wasu ƙasashe, musamman ta Ingila, tana shigowa kasuwa da araha. A cikin ƙarni na 18 aiki ya riƙa tsayawa yana tashi, har aka rufe ofishin ma’adinan a 1849.

Tabon yana nan har gobe. A tsakiyar ƙauyen akwai manyan ramuka biyu inda aka cinye dutse ƙasa ta rufta. Ɗaya daga cikinsu, mai suna Geyerin, an mayar da shi dandalin wasanni a fili tun shekarun 1930.

Me ya sa suka kama katako, ba su koma gona ba?

Wace gonar? Ƙasar duwatsu ce, sanyi kan yi wata da watanni, dusar ƙanƙara kan rufe komai, lokacin shuka gajere ne ƙwarai. Ɗan dankalin turawa da saniya ɗaya ko akuya ba za su riƙe gida mai ’ya’ya bakwai ba.

Abubuwa uku ne suka rage musu bayan kuza: daji, ruwa mai gudu, da hannun da ya saba da aiki. Mai haƙar ma’adinai dama rabin kafinta ne, domin shi ke kafa ginshiƙan da ke tallafe rami kada ya rufta masa. Kuma injinan da ruwa ke juyawa, waɗanda a da suke daka dutsen kuza, suna zaune ba aiki. Sai aka juya su, ƙarfin ruwan ya koma murza itace. Tun wajen 1650 an fara ambaton masu wannan sana’a a wurin. Da farko kayan amfanin gida suke yi: akushi, faranti, maɓallan riga, mazari, kwalin allura. Kayan wasan yara daga baya suka zo, da aka lura sun fi saurin fita.

Masu tallan yawon buɗe ido suna son nuna abin kamar wata baiwa ce ta sauko wa ƙauyen. Ni dai a ganina yunwa ce malamar. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Ta yaya kayan ƙauyen da ke bayan dutse suka isa kasuwannin duniya?

Labarin da mutanen wurin ke alfahari da shi shi ne na Johann Friedrich Hiemann, wanda a 1699 ya loda kayan Seiffen a baro ya tura har kasuwar baje-koli ta Leipzig, tafiyar da ta haura kilomita 100, da ƙafa, ta kan tudu da gangare. Daga baya fatake suka haɗa ƙauyen da Nuremberg, wadda ita ce cibiyar cinikin kayan wasa a Turai a wancan zamani. Da yawa daga kayan da aka saya a matsayin “na Nuremberg” a gaskiya a waɗannan duwatsu aka sassaƙa su.

A ƙarni na 19 babban abin da ya ci kasuwa shi ne jirgin Annabi Nuhu: akwatin katako mai siffar jirgi, cike da dabbobi bibbiyu. A gidajen Kiristoci masu tsantseni a Ingila da Amurka ba a barin yara su yi wasa ranar Lahadi sai da abin da ya shafi addini. Jirgin Nuhu ya tsallake wannan shinge, don haka aka riƙa odarsa da yawa. Kowane jirgi na buƙatar dabbobi gommai, wani ma ɗaruruwa, kuma da araha. Wannan buƙata ce ta raya dabarar da za mu zo kanta nan gaba kaɗan.

To ai sun yi arziki ke nan?

Ina! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tsarin cinikin shi ne masassaƙi ba ya ganin mai saye. Tsakaninsu akwai attajiran dillalai, galibi a garuruwan Olbernhau da Grünhainichen. Su ke kawo oda, su ke yanka farashi, su ke da hanyar fitar da kaya waje. Masassaƙi ya gama aikin mako, ya ko matarsa su goya kwando a baya su kai wa dillali. In ya ce fentin bai yi ba, ko kasuwa ta faɗi, sai a karɓi abin da ya bayar, don maƙwabci na nan a shirye ya sayar ƙasa da haka.

Ɗaki ɗaya ne shago, shi ne wurin girki, shi ne wurin zama. Uba na yanka, uwa na fenti, kaka na manna kunnuwa da wutsiya, yara tun suna ƙanana suna shafa farin fenti na farko ko suna jera kaya a kwali, kafin makaranta da bayanta, har dare a gaban fitila. Warin danko da fenti ya cika ɗakin da ake kwana a ciki. Yaran da suka yi wa ’ya’yan Landan kayan wasa ba su da lokacin wasa da su. Rayuwa ce ta hannu baka hannu ƙwarya, kuma gidan tarihin ƙauyen bai ɓoye wannan ba, abin da ya cancanci yabo.

An yi yunƙurin gyara. A 1852 aka buɗe makarantar koyar da zane da ƙirar kayan wasa don a ɗaga darajar aikin. A 1895 jirgin ƙasa ya iso kwarin da ke kusa. A 1919 masu sana’ar suka kafa ƙungiyar gama-kai mai suna Dregeno domin su riƙa sayar da kayansu da kansu, kuma tana nan har yau.

Mece ce dabarar zoben da ake ta magana a kai?

Jamusawa na kiranta Reifendrehen, wato murza zobe. Ta bayyana wajen shekarar 1800, kuma a wannan yanki kaɗai ta zama sana’a.

Ga yadda take. Ana samo gungumen itace mai laushi, ɗanye, a ajiye shi cikin ruwa don kada ya bushe ya tsage. A yanko faifai mai kauri daga jikinsa, kamar yadda ake yanka rake gaɓa-gaɓa amma mai faɗin tire. A kafa shi a injin, ya fara juyawa da gudu. Gwanin yana tsaye da ƙarafan sassaƙa iri-iri a gabansa, wani mai baki a miƙe, wani a lanƙwashe kamar ƙugiya. Ya kanga ƙarfe a jikin itacen, dogayen zaren katako masu danshi su riƙa tashi suna sauka masa a kafaɗa da hula. Ya tona kwari a nan, ya bar tudu a can. Ya cire faifan, ya juya shi, ya yi ɗaya fuskar. In ya gama, abin da ke hannunsa zobe ne mai kwaruruka, kamar gammo na katako. Ba ka ganin komai a jikinsa.

Sai ya ɗora wuƙa a gefen zoben, ya buga da guduma, ya tsaga. A fuskar tsagin sai ga doki: kai, wuya, gadon baya, ƙafafu. Ya ci gaba da tsagawa yanki-yanki kamar mai yanka burodi, zobe ɗaya ya ba da dawakai arba’in zuwa sittin. Daga nan sai a bi kowanne da ’yar wuƙa a gyara gefuna, a sa kunne, a yi fenti.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, duk tsawon aikin mutumin bai ga dokin ba. A kansa yake, da kuma a yatsunsa da ke shafa kwarin yana auna zurfi. In ya zarce kaɗan, dawakai sittin ne za su fito da karyayyar ƙafa a lokaci guda. Shi ya sa ake shekaru ana koyo, kuma waɗanda suka iya a yau ba su da yawa ko kaɗan. Ana nuna aikin a gidan tarihi na fili da aka buɗe a 1973, cikin wani tsohon shago mai injin ruwa da aka gina wajen 1760.

Gaskiya ne suna sa ƙauye guda cikin kwalin ashana?

Gaskiya ne, kuma kwastan ne sila. Wasu ƙasashen da ke sayen kayan ne suka koma karɓar kuɗin fito bisa nauyin kaya, ba bisa darajarsa ba. Katako kuma ya yi tsada. Sai mutanen Seiffen suka ƙanƙantar da komai: ɗakin girki da murhunsa, aji da ɗalibansa, keken doki, duk a cikin kwalin ashana. Tun wajen 1905 ake yin su, har yanzu ana saye.

Waɗanne kaya aka fi sanin ƙauyen da su yanzu?

Yawancinsu sun tashi daga kayan wasa sun koma kayan ƙawata gida lokacin Kirsimeti, kuma manya ne ke sayensu.

Na farko shi ne Nussknacker, mutum-mutumi mai manyan haƙora da ake sa masa ɗan itace mai taurin ɓawo a baki, a danna wani hannu a bayansa ya fasa. Wilhelm Füchtner na Seiffen ne ya fitar da siffar da aka sani yau wajen 1870, kuma zuriyarsa na kan sana’ar har yanzu. A duba su wa ake sassaƙawa: sarki, soja, ɗan sanda, mai gadin daji. Duk masu iko ne, duk fuska a murtuke. Talaka ya samu hanyar sa sarki ya yi masa aiki da haƙoransa.

Kishiyarsa shi ne mutumin turare. Shi ba ya ɗaure fuska, kuma kullum talaka ne: mai talla, mai sharar bututun hayaƙi, ɗan aike, mai haƙar ma’adinai. Jikinsa biyu ne. Ka ɗaga na sama, ka kunna ɗan curin turaren wuta ka ajiye a kan wani ƙaramin ƙarfe, ka mayar ka rufe. Jim kaɗan hayaƙi ya fara fita ta zagayayyen bakinsa, kamar dattijo na zuƙar lofe.

Akwai kuma bakan kyandir da ake sawa a taga. Mafi daɗewa da aka sani na ƙarfe ne, an ƙera shi a Johanngeorgenstadt a 1740. Sai dala mai hawa-hawa da farfela a samanta, wadda zafin kyandir ke juyawa, mutane da dabbobin da ke kanta su yi ta zagaye. Wadda ke cikin gidan tarihin kayan wasa na ƙauyen, da aka buɗe a 1953, ta haura mita 6.

Duk wannan son haske daga rami ya fito. A hunturu mai haƙa kan shiga ƙasa kafin gari ya waye, ya fito bayan rana ta faɗi, sai ya yi makonni bai ga rana ba. Akwai tsohuwar al’ada ta jera mutum-mutumin mai haƙa riƙe da kyandir ga kowane ɗa namiji, da na mala’ika ga kowace ’ya mace, a taga. Mai wucewa ya ƙirga ya san ’ya’yan gidan. Har gaisuwar yankin ta masu haƙa ce, “Glück auf”, fatan sa’a da fitowa lafiya.

Wannan cocin da ake gani a jikin kayansu fa?

Na ƙauyen ne, an gina shi daga 1776 zuwa 1779. Kusurwa takwas gare shi, an kwaikwayi babbar majami’ar Frauenkirche ta Dresden. Ƙarami ne, amma an sassaƙa shi sau ba adadi, har mutanen da ba su taɓa jin sunan Seiffen ba suna da shi a gidajensu.

Yaya sana’ar ta kasance a zamanin Jamus ta Gabas?

Daga 1949 zuwa 1990 Seiffen yana ƙarƙashin gwamnatin gurguzu. An riƙa matsa wa masu shaguna su shiga ƙungiyoyin haɗin gwiwa, kuma a 1972 gwamnati ta karɓe kamfanoni masu zaman kansu da suka ɗan yi girma, ta zuba su cikin kamfanonin gwamnati irin su VERO da ke Olbernhau. Ƙananan shagunan iyali wasu sun tsira.

Aiki bai yanke ba, don gwamnati na matuƙar buƙatar kuɗin waje, kayan kuma na da masu saye a Jamus ta Yamma da Amurka. Mafi kyawunsu waje ake kaiwa. Mutumin Dresden ko Leipzig da ke son ɗan mutumin turare sai ya san wani ya san wani, ko ya yi musaya da wani abin da ake wahalar samu. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Da aka haɗe Jamus a 1990 fa?

Manyan kamfanonin gwamnati suka wargaje, mutane da yawa a yankin suka rasa aiki. Amma iyalai da dama sun karɓo shagunan iyayensu, wasu suka buɗe sababbi. Seiffen ya fi maƙwabtansa sa’a, domin abin da yake yi ba ya buƙatar babbar masana’anta, kuma sunansa ya riga ya shiga kunnen masu saye a Yamma. Ƙauyukan da suka dogara da masaƙa ko ƙera kayan gida sun fi jin jiki.

Mutum nawa ne a ƙauyen yanzu?

Kimanin 2,000. A zamanin Jamus ta Gabas sun haura 3,000.

Dalilan ba na Seiffen kaɗai ba ne. Bayan 1990 matasa, musamman mata masu ilimi, suka yi ta ƙaura zuwa yammacin ƙasar da manyan birane. Haihuwa a gabashin Jamus ta faɗi warwas, har a 1994 matsakaicin haihuwa bai kai ɗa ɗaya ga kowace mace ba. Yaran da ba a haifa ba a lokacin su ne iyayen da babu a yau. Jihar Saksoni gaba ɗaya ta sauko daga kusan mutum miliyan 4.8 a 1990 zuwa miliyan 4 da ’yan kai. A ƙauyuka irin wannan, jana’iza ta fi suna yawa kowace shekara.

A nan ne ainihin damuwar take. Masu saye suna nan. Abin da ke ƙaranci shi ne mai karɓar shago in maigida ya tsufa. Ɗa ya yi karatu ya samu aiki a Leipzig, ba zai dawo ya zauna yana ɗiga wa mutum-mutumi ido da buroshi ba, musamman da yake albashin gundumar Erzgebirge na cikin mafi ƙanƙanta a duk Jamus.

Da me tattalin arzikin ƙauyen ya dogara a yau?

Katako da baƙi. Akwai shagunan sassaƙa sama da 100, galibi na iyali, daga mai mutum biyu zuwa mai ma’aikata gommai. Kusa da su akwai kantuna, masaukai, gidajen abinci. Wasu mazauna kan fita aiki Olbernhau da sauran garuruwan kwarin, inda ake da masana’antun ƙarfe da na katako.

Shekarar kuwa a karkace take. Ana sassaƙa daga Janairu, amma kakar ciniki makonni huɗu ne kafin Kirsimeti. A lokacin babban titin ƙauyen kan cika maƙil, manyan motocin safa jere, masu kayan gargajiya na ’yan haƙa suna fareti da fitilu da ganguna. Shi ya sa annobar korona ta yi musu mugun bugu: a 2020 da 2021 an hana kasuwannin Kirsimeti a Saksoni. Waɗanda suka riga suka fara sayarwa ta intanet su suka fi samun sauƙi.

Mafi ƙarancin albashi da Jamus ta kafa a 2015, Yuro 8.50 a sa’a, wanda ya kai Yuro 12 a 2022, ya taimaki masu fenti, waɗanda yawancinsu mata ne. Ya kuma ɗaga farashi, domin kusan duk kuɗin kayan na aikin hannu ne.

Ba a kwaikwayon kayansu?

Sosai ma. Kantunan Turai cike suke da masu kama da su daga masana’antun Asiya, a kan kaso kaɗan na farashin. Na Seiffen kan kama daga Yuro gommai zuwa ɗaruruwa. Ƙungiyar masu sana’ar ta yankin, wadda aka kafa a 1990, tana da tambari na ɗan mahayi a kan dokin katako da ake liƙa wa na asali. Sun san ba za su iya gasar araha ba, don haka suka tsaya a kan inganci: kaya ne da ake gada, in ya karye a kai a gyara. Araha dai ba ta ado.

Wa ke tafiyar da ƙauyen, kuma daga ina kuɗi ke zuwa?

Magajin gari da mutane ke zaɓa kai tsaye na shekara 7, da kansiloli da ake zaɓa duk shekara 5. Saboda ƙanƙanta, Seiffen na raba ofishin mulki ɗaya da maƙwabtansa Deutschneudorf da Heidersdorf. Kuɗin shiga daga harajin sana’o’i ne, da harajin filaye da gidaje, da wani kaso na harajin albashin mazauna, da tallafin jiha. Da shi ake kula da titunan cikin gari, gidan renon yara, share dusar ƙanƙara, da kayan ’yan kwana-kwana, waɗanda ’yan sa-kai ne. In mutane sun ragu kuɗi ya ragu, amma tsawon titi bai ragu ba.

Dajin bai ƙare ba duk da wannan sassaƙa?

Sassaƙa ba ta cin itace da yawa. Abin da ya kusa kashe dajin hayaƙi ne. A shekarun 1970 da 1980 tashoshin lantarki masu ƙona gawayin ƙasa a arewacin Bohemiya da Jamus ta Gabas sun turnuƙe tsaunukan da guba, bishiyoyin kan tudu suka bushe a tsaye. Bayan 1990 aka sa matatu, aka sake dashe. Tun 2018 kuma fari da wani ƙwaro mai cin ɓawon itace suka zama sabuwar matsala.

Yana cikin wuraren tarihi na UNESCO?

A 2019 hukumar ta amince da yankin ma’adinai na Erzgebirge, wurare 22, 17 a Jamus, 5 a Cek. Wuraren haƙa aka karrama, ba kayan wasa ba, amma duk yankin na cin moriyar sunan.

Baƙo daga waje zai iya koyon sana’ar?

A ƙa’ida zai iya. Koyon shekara uku ne, wani lokaci a shago wani lokaci a aji, kuma makarantar tana Seiffen ɗin. Ana biyan ɗan koyo ɗan alawus. Sai dai dole mutum ya fara samun shagon da zai ɗauke shi da yarjejeniya a rubuce, ya kuma iya Jamusanci gwargwado kafin a ba shi biza. Ya shirya wa karin harshen yankin ma, wanda Bajamushen Hamburg kansa sai ya kasa kunne.

Mai son zuwa ya gani, me ya kamata ya sani?

Jirgin ƙasa ba ya kaiwa ƙauyen yanzu. Ana hawa daga Chemnitz zuwa Olbernhau, sannan a shiga bas. Bas ɗin ba ya yawa da yamma da ƙarshen mako, a duba jadawali tun kafin a fito.

Musulmi ya yi guzuri ko ya riƙa tambaya, don abincin yankin akwai naman alade a ciki da yawa. Dankali, kifi da burodi ba sa wuya. Masallatai sai a manyan garuruwa irin su Chemnitz ko Dresden. Baƙar fata ba ta da yawa a waɗannan ƙauyuka, kuma jam’iyyar AfD mai adawa da baƙi tana da ƙarfi a karkarar Saksoni, a zaɓen jiha na 2024 ta samu sama da kashi 30 cikin 100. Seiffen ya saba da ’yan yawon buɗe ido daga ko’ina, amma kallo kam za a sha shi.

Mai son ganin fitilu ya zo a Disamba, da rigar sanyi ta gaske da takalmi mai kama ƙasa, ya isa kafin ƙarfe huɗu na yamma, don a lokacin duhu ke fara sauka tagogi su kama ɗaya bayan ɗaya. Mai son ganin aiki kuwa ya zo a watan Mayu ko Yuni. Titi ba kowa, ƙofofin shaguna a buɗe, kuma mai murza zobe yana da lokacin da zai miƙo maka yankin doki ɗaya, da sauran danshinsa, ka juya shi a tafin hannunka.